Baƙon zango ba ya cin hatsin awo

11 ga Fabrairu, 2024

Yau da hantsi muka zagaya gonar da ƙafa, ni da Gwaggo da ƙanena, tun daga bakin hanya har gangaren fadama. 'Yan uwa na Yawunde da Yola da Njamena kowa sai bugo waya yake yana tambayar ina aka kwana, shi ya sa na ga gara in riƙa rubutawa kowa ya karanta da kansa. To ga inda aka kwana. Cikin ɗakuna bakwai na zango, biyu kaɗai ke da rufi. Zaure ya tsage ta gabas tun daga sama har ƙasa, hannu na shiga cikin tsagar. Rumbuna huɗun da na buɗe ido na gani babu ko ɗaya, sai duwatsun da aka girke su a kai. Rijiya tana nan, amma rabin guga laka ne.

Ga wanda bai san wurin ba, muna arewacin Kamaru, gabas da Pitowa, ba nisa da inda Mayo Kebbi ke gangarowa daga Cadi zai haɗu da Binuwai. Daga Garwa tafiyar ba ta cika awa guda a babur, kuma ranar da babu hazo ana hango duwatsun Tingilin daga ƙofar zaure. Kakan babana ne ya sari wannan daji. Abin da muka tashi muka ji a gida shi ne bafatake ne daga ƙasar Kano, mai kanwa da baƙin yadi, ya zauna nan 'yan shekaru bayan Jamusawa sun ci Garwa a 1901. Ya ga ayarin fatake da alhazan ƙafa masu nufin gabas ta Cadi da Sudan suna neman inda za su ya da zango su shayar da jakuna, sai ya haƙa rijiya, ya gina ɗakuna, ya yi gona a bayansu. Doka ɗaya ya kafa, Gwaggo ta ji ta daga bakin mahaifinta: baƙon zango ba ya cin hatsin awo. Gishiri da kanwa a sayo, daga baya aka ƙara sukari da ganyen shayi. Amma tuwo da miya da fura, daga ƙasar nan za su fito.

Babana, Allah ya jiƙansa, ya zo a zamanin auduga. An kafa kamfanin auduga na SODECOTON a 1974, kuɗi na shigowa a dunƙule bayan awo, kowa ya mai da gonarsa fara. Ga kwalta ta zo, babbar mota ba ta bukatar kwana a hanya, alhazai sun koma jirgin sama. Zango ya mutu a hankali ba tare da wani ya kashe shi ba. Abin da muka sa gaba bana shi ne mu ta da ɗakuna huɗu da zaure da rumbuna biyu, mu karɓi baƙi, mu gwada ko dokar nan za ta iya tsayawa a wannan zamani.

3 ga Maris

Yau Lahadi, kasuwar Pitowa. Na je tayin azara na dawo da rabin abin da na yi niyya. Tun da aka ƙara kuɗin mai a watan jiya, lita ta koma sefa 840, komai da ake ɗorawa a mota ya tashi, shi ma zuwa-zuwa, man bayan fage da ake shigo da shi daga Najeriya, ba arhar da ba ce.

Mun yi kwana uku muna ja-in-ja da ƙanena. Shi bulo da kwano yake so, a gama a huta. Na ce masa ya je ya kwanta a ɗakin kwano a Garwa da azahar a watan Afrilu, sannan ya zo mu yi magana. Wanda zai baro birni ya zo nan ba ɗakin da ya baro yake nema ba. Ga kuma ƙasar gini a ƙarƙashin ƙafarmu, ba ruwanta da kuɗin mota. Ya yarda, amma da sharaɗin bangon zaure na waje a shafe shi da siminti. Na ba shi wannan don a zauna lafiya.

Maginin da muka samu tsoho ne daga unguwar Hausare ta Garwa. Ya ɗebi ƙasar ya murza a tafin hannu, ya ɗanɗana a harshe, ya ce a haɗa ta da jar ƙasar bayan kuka. An kwaɓa da ciyawa da kashin jaki, an bar ta ta ruɓa, yara suna tattakawa kullum da yamma. Azara kuma ya ce in ba ta namijin giginya ba ce kada in kawo masa, gara ba ta iya mata.

27 ga Maris

Azumi ya zo cikin tsakiyar zafi. Ma'aunin zafi na wuce arba'in kusan kullum. Aiki daga sallar asuba ne zuwa ƙarfe tara, sai kuma bayan asham a hasken fitila. Tubali sun bushe, an jera su kamar ƙwan jimina a filin sussuka.

An yashe rijiya. Gaba uku na laka aka fitar kafin idon ruwa ya buɗe. Cikin lakar mun tsinci guntun akushi da ƙarfen linzami duk tsatsa. Gwaggo ta juya ƙarfen a hannunta ta daɗe ba ta ce komai ba, daga baya ta sa aka wanke shi aka rataye a zaure. Da ruwan rijiyar muka sha ruwa yau.

20 ga Afrilu

An yi Sallah lafiya. Ɗakuna uku sun kai ga rufi, na huɗun sai baɗi, kuɗi sun ƙare masa.

Maganar da nake so in tsaya a kai ita ce rumbu. Magininmu ya faɗa mini gaskiya, ya ce shi ɗaki ya iya, rumbu sana'a ce daban. Ya nuna mini wani dattijo Bafali daga ƙauyukan gindin Tingilin. Ba ya jin Hausa sosai, ni ba na jin yarensa, da Fulatanci muke magana kamar yadda kowa ke yi a nan. Da ya iso bai taɓa laka ba sai da ya yi yini guda yana gyara zaman duwatsun da kakanmu ya girka. Ya ce waɗannan duwatsu su ne rumbun, abin da ke sama riga ce. Su ke ɗaga hatsi daga danshi, kuma a kansu ake ganin hanyar gara tun ba ta kai ga gindi ba.

Ba ya amfani da tubali. Laka yake murzawa kamar igiya mai kauri, ya naɗa zagaye ɗaya, ya lailaye ciki da waje da tafin hannu da guntun ƙwarya, ya ƙara wani. In ya kai kamu biyu sai ya tsaya, komai roƙon da za ka yi masa ba zai ƙara ba sai gobe, wai laka ɗanya ba ta ɗaukar 'yar uwarta. Kaurin bangon bai wuce yatsu uku ba, amma in ka ƙwanƙwasa shi bayan ya bushe sai ka ji yana amsawa kamar tukunya. A ciki ya raba na biyun gida uku, na gero da na wake da na gyaɗa. Kwana goma sha tara ya yi a kan guda biyu. Ɗana na fari ya liƙe masa tun daga rana ta biyu, yanzu ya gina ɗan ƙarami na kaji da hannunsa, ya ɗan karkace amma yana tsaye. Na roƙi dattijon ya dawo baɗi a yi na uku, yaron ya yi masa miƙo.

22 ga Mayu

Ruwan shuka ya sauka daren jiya. Gero da dawa a tudu, kar shida, wato hekta ɗaya da rabi. Masara kar biyu kusa da gida inda taki ya fi yawa. Gyaɗa da wake sai an ƙara samun ruwa. Na hana a sare 'ya'yan gawo da suka tsiro a gonar audugar da, mun kewaye goma sha ɗaya da ƙaya. Gawo da damina yake zubar da ganye, ba ya tare wa shuka rana, kuma duk manomi ya san yadda dawa ke yi a ƙarƙashinsa.

24 ga Yuni

Baƙinmu na farko sun zo sun tafi, kuma sun bar mu da magana.

Abokin aikin ɗan baffana ne, da matarsa da 'ya'ya uku. Jirgin ƙasa na dare suka hau daga Yawunde zuwa Ngaundere, daga nan mota ta gangaro da su Garwa, suka yi Babbar Sallah a wurin dangi, suka ƙaraso nan kwana huɗu. Iyayen Hausawa ne, yaran kuwa an haife su a kudu, Faransanci ya fi zama a bakinsu. Abin da ke hannunmu ragowar hatsin bara ne da Gwaggo ta noma a bayan gida, da kuka da kuɓewa busasshiya da daddawar da ta yi da kanta, sai zogale da yakuwa da suka fara tohowa. Daren farko aka kawo tuwon dawa miyar kuka da man shanu. Uban ya ci har ya yi shiru, ya ce rabonsa da wannan ƙanshi tun rasuwar kakarsa. Yaran suka kalli tuwon suka kalli uwarsu. Ƙaramar ta kwana da ruwan shayi.

Washegari uwargida ta aiki yaro Pitowa a ɓoye ya auno shinkafa. Ban sani ba sai da Gwaggo ta kira ni bayan rumbu. Ba ta kiran sunana, sunan mahaifinta gare ni.

Ta ce, "Mai sunan Baba, hayaƙin da ke tashi a madafa na mene ne?"

Na ce, "Gwaggo, ban sani ba."

Ta ce, "Ni na sani. Shinkafar awo ce. Kwana ɗaya da buɗe zango."

Uwargida ta fito ta durƙusa ta ce, "Gwaggo, ki yi haƙuri, ni na aika. Yarinyar nan tun jiya ba abin da ya shiga cikinta, ni kuwa uwa ce."

Na zaci faɗa za a yi. Gwaggo ta daɗe tana kallon ƙasa, sannan ta ce a gidan Baba yaro bai taɓa kwana da yunwa ba, wannan ita ma doka ce, kuma ta girmi waccan. A ba yarinya shinkafa. Amma abu biyu: a gaya wa iyayen cewa ta kasuwa ce, kada su tafi suna yabon abin da ba namu ba, sannan tun da baƙin zamani shinkafa suke ci, ga fadama can tana zaune, a je a shuka. Na faɗa wa baƙon da bakina. A rana ta uku shi da kansa ya tuɓe takalmi ya bi mu fadama muka yafa iri a kar ɗaya.

Akwai kuma maganar kuɗi, wadda ta fi ta shinkafa nauyi a wurin Gwaggo. A zamanin da ba a yanka wa baƙo kuɗin kwana, abin da ya ga dama yake bari, wani goro, wani turmin yadi, wani addu'a. Yanzu ba za mu iya ba, akwai bashin azara a kaina. Muka tsaya a kan cewa ɗakuna uku na kuɗi ne, amma tsohon ɗakin da ke jikin zaure na matafiyi ne, ba a karɓar ko dala a kansa, kuma kwanonsa ɗaya da na kowa.

21 ga Yuli

An yi mana gayya jiya, mutum ashirin da uku, aka gama maimai a yini ɗaya. Fura da dambu muka kai musu, da akuya guda.

Tsutsar nan ta masara da ta shigo Afirka wajen 2016 ta same mu. In ka buɗe kan masarar sai ka ga kashinta kamar dussa a cikin zuciyar. Tun da baƙi za su ci, na ƙi feshin kanti. Mun daka 'ya'yan darbejiya muka jiƙa kwana ɗaya muka tace muka fesa, yara kuma suna bi layi layi suna zuba toka da yashi a cikin zuciyar kowace. Ya rage, bai kashe ba. Aikin na cin mutane ƙwarai, kuma in da masarar ta kai kar biyar ba za mu iya ba.

Abin da ya fi damuna ƙuduji ne. A tsohuwar gonar auduga dawa ta tsaya cak, ta yi ja, alhali furensa bai ma fito ba, yana can ƙasa yana tsotson saiwa. Ƙasar ta gaji. Baɗi gyaɗa da wake za su zauna a wurin, dawa ta koma gefen kuka.

19 ga Agusta

Ruwan daren Juma'a ya nuna mana abin da muka yi. Simintin da aka shafa wa zaure ya ɓamɓaro faifai guda, ya tafi da ƙasar da ke bayansa. Ruwa ya shiga ta wata 'yar tsaga ya rasa hanyar fita, bangon ya jiƙe daga ciki. Ɗakunan da aka shafe da makuba kuwa ko gezau. Ƙanena ya tsaya yana kallo, shi ya fara cewa a kira tsoho. Mun tokare bangon da itace mun rufe da zana har rani.

Ɗakin matafiyi ya karɓi mutum na farko: direban babbar mota ɗan Cadi, daga wajen Lere, motarsa ta lalace a hanya, ya kwana uku yana jiran ƙarfe daga Garwa. Da zai tafi ya ciro kuɗi, Gwaggo ta harare shi ya mayar. Ya bar mana jarkar man inji rabi, ga shi kuwa muna bukata.

Mun yafa irin masakwa, dawar rani, a makwancinsa, kashi biyu, tsakaninsu kwana goma, don in ɗaya ya girme wa lokacin dashe ɗayan ya dace.

25 ga Satumba

Ruwa ya yi yawa bana ko'ina. Muna jin labarin Yagwa da ƙauyukan bakin Logon, da Cadi, ga Maiduguri da madatsar Alau ta fashe musu a farkon watan nan. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya mayar wa waɗanda suka yi asara da alheri. Namu kaɗan ne a kan nasu. Mayo Kebbi ya cika ya tumbatsa, fadama ta zama tafki kwana tara. Shinkafa ta nutse, sai gefen da ya ɗan hau tudu ne ya fid da kai. Gida da rumbuna ruwa bai kai gare su ba. Yanzu na gane dalilin da ya sa kakanmu ya yi gini nesa da rafi haka, abin da muke ƙorafi a kai muna yara in an aike mu wanki.

23 ga Oktoba

Ruwan da ya ci shinkafa shi ya ba mu masakwa.

'Yan uwa da suka tashi a birni ba su san ta ba, bari in yi bayani. Masakwa dawa ce ta rani, Fulani na ce mata muskuwari. Ba a shuka ta da damina. A baƙar laka ake dasa ta, wadda a nan ake kira karal, irin ƙasar da ke shan ruwa ta riƙe, in ta bushe ta tsattsage har ƙafar akuya na faɗawa. Bayan ruwa ya janye ake dashe, daga nan ba ta ƙara ganin ruwan sama ko ɗigo har girbi, da danshin da lakar ta ɓoye take rayuwa. Gwaggo ta ce a ƙuruciyarta, kafin a gama madatsar Lagdo a 1982, Binuwai kan malale kwarin nan duk shekara, da rani in ka tsaya a tudu masakwa ce kore har iyakar ganinka. Da aka tare kogin ambaliyar ta ragu, karal da yawa suka daina shan ruwa yadda ya kamata, mutane suka bar su. Namu ya yi shekaru ba a dasa shi ba. Bana ya sha har ya ƙoshi.

Mun fara da sare ciyawa, muka bar ta ta bushe muka sa wuta. Dashen kuwa aikin mutum uku ne a jere. Na gaba yana riƙe da turke mai nauyi, bakinsa ƙarfe, ya ɗaga da hannu biyu ya soka, ya jijjiga, ya zare, rami ya kusa kamu ɗaya. Na biyu ya zuba ruwa kamar cikin ludayi. Na uku ya sa tsiro biyu, an riga an datse musu kan ganye da bakin saiwa. Ba a rufe ramin. Taku ɗaya babba, sai wani. Na riƙe turken rabin yini tafin hannuna ya yi bororo, wani saurayi maƙwabcinmu ya karɓa, shi kam kamar yana daka fura. Abin da ya fi wahala jigilar ruwa ce daga kududdufi, mata da yara da jarkoki a ka tun safe.

Iri biyu muka dasa, safrari mai ruwan ɗorawa da majeri fara. Gwaggo ta sa aka kai ta a amalanke ta zauna a inuwar zana tana duba zurfin rami da sandarta. Duk wanda bai kai ba sai an sake. Kwana takwas, kar huɗu. Kwanakin farko tsiron ya kwanta ya yi yaushi kamar ya mutu, na kasa barci. Ta ce in bar shi, saiwa yake yi. Yau da safe na je, sabon ganye ya fito a tsakiyar kusan kowanne.

20 ga Nuwamba

An gama girbin tudu. Gero dami arba'in da biyu, dawa talatin da ɗaya, ƙuduji ya ci nasa rabo. Masara buhu biyar, gyaɗa buhu bakwai da ɓawonta, wake uku, shinkafa buhu ɗaya da 'yan kwanuka. An fid da zakka tun a gona kafin komai ya shiga gida.

Ɗana ne ya shiga rumbu ta baki, ana miƙa masa yana jerawa, ƙasa an shimfiɗa toka da ganyen darbejiya. Na farko ya cika har wuya. Na biyu rabi. Da aka ɗora jinka Gwaggo ta dafa bangon ta yi addu'a ga waɗanda suka girka duwatsun.

Wake kaɗai na hana a zuba a rumbu duka. Biyu na sa a buhun nan mai ciki uku, leda biyu a ciki da buhu a waje, a ɗaure kowanne daban, ƙwaro ya rasa iska ya mutu ba tare da magani ba. Dabarar ma a nan arewacin Kamaru aka fara gwada ta, masu binciken noma na Marwa tare da wata jami'ar Amurka. Na ukun Gwaggo ta cakuɗa da toka irin na da. Za mu buɗe duka a watan Mayu mu gani.

28 ga Disamba

Hunturu ne lokacin baƙi, yanzu mun gane. Cikin wata ɗaya mun sauki ƙungiya biyar: ɗaliban aikin gona da malaminsu, 'yan kasuwa biyu daga Yola, wasu Turawa mata da miji da ke hanyar gandun dajin Binuwai, da iyalai biyu daga Garwa da suka kawo yara hutu. Da safe kunun gyaɗa da ƙosai ko waina, da rana ɗanwake ko dambu da zogale, da dare tuwo. Man gyaɗa uwargida da maƙwabta ke matsewa, ƙuli-ƙulin ya shiga kwaɗon rama. Lambu na bakin rijiya ya kama: albasa fangali ashirin, tumatir, attaruhu, alayyafo, yakuwa. Wanda ya ga dama ya ɗauki ƙwarya ya tsinko abin miyar da zai ci.

Ba zan ɓoye abin da muke saye ba. Gishiri, kanwa, sukari, ganyen shayi, waɗannan doka ta yarda. Kifi daga masunta muke karɓa, karfasa da tarwaɗa, mukan ba su hatsi. Nono da man shanu daga rugar Ardo. Na je gaishe shi bayan girbi, na ce, "Allah ya ja zamanin Ardo, karan gona na nan, shanu su zo su kwana." Suna cin kara suna bar mana taki a gonar da ƙuduji ya kama, matansa na kawo kindirmo kullum da safe. Sharaɗi ɗaya muka yi a gaban jauro, wato mai gari: ƙafar saniya ba za ta taka karal ba sai an yanke masakwa. Har yau bai saɓa ba.

Iyalin Yawunde sun dawo. An dafa musu shinkafar da ubansu ya yafa da hannunsa. Ƙaramar har yanzu ba ta cin tuwo, amma ta shanye kunun gyaɗa kofi biyu ta bi yara korar tsuntsaye.

2 ga Fabrairu, 2025

Sati uku ke nan muna kwana a karal. Tsuntsayen jan-baki na zuwa da sassafe da kuma la'asar, garke guda kamar hayaƙi. Mun kafa rumfuna biyu masu tsawo, an ja igiyoyi an rataya gwangwanaye, yara na ja suna ihu. Gefen yamma sun yi mana ɓarna, sauran ya tsira. Ƙasa ta tsage har hannu na shiga zuwa gwiwar hannu, ganyen ƙasa ya bushe, amma kawunan sun yi nauyi sun sunkuya.

Shekaranjiya na yanko kai goma na majeri, aka sussuke aka surfa aka kai niƙa. Tuwon fari tas, da miyar kuɓewa ɗanya daga lambu. Akwai baƙi uku a gida, da wani almajiri mai tafiya Marwa a ɗakin zaure, duka aka zuba musu. Gwaggo ta ci loma uku, ita da ba ta cika cin dare ba, ta ce a ajiye mata ɗumame.

Shinkafa ta ƙare tun tsakiyar Janairu, kuma ba mu auno ba, duk wanda zai zo muna gaya masa tun a waya. Mutum biyu sun fasa zuwa saboda haka. Bashin azara saura kashi ɗaya cikin uku. Bangon zaure na jiran tsoho, ya ce sai bayan ya gama wani aiki a Garwa, ga azumi saura wata guda. Dattijon rumbu ya aiko cewa zai zo a Maris, a tanadi laka tun yanzu ta ruɓa. In masakwa ta ba da abin da ido ke gani, rumbu na biyu ba zai ɗauke ta ba, sai mun ari ɗaki ɗaya na baƙi mun zuba kafin na uku ya bushe.

Gobe bayan asuba za a fara yanka. Mutum goma sha huɗu suka amsa, an wasa lauje, uwargida ta jiƙa geron fura tun la'asar.